Zama da Oga Mafaɗaci: Ga Mai Shirin Koyon Tuƙin Tirela

A shekarar 2012 kamfanin Ɗangote ya yi shelar neman masu ilimin boko da za a koya wa tuƙin tirela. Kimanin mutum 13,000 ne suka nema, har da masu digirin digirgir shida. A lokacin an sha dariya, amma yau babu mai dariya. Ko a nan makarantar, zauna a majalisar 'yan sashen kanikanci ka ji: idan an gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai babbar mota. Sana'a ce ta rufin asiri. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba sitiyari ke korar sabon shiga ba. Oga ne.

Ko ta makaranta ka shigo, irin Cibiyar Fasahar Sufuri da ke Zariya, ko ta tsohuwar hanya ta zama yaron mota, ƙarshenta dai sai an haɗa ka da tsohon direba a kan mota ɗaya. Daga Apapa zuwa Kano ya haura kilomita 1,000. Kwana da kwanaki kuna tare a wurin da bai kai ɗakin hostal ba, ga zafin inji, ga rashin barci. Lakcara idan ya ɓata maka rai, bayan awa biyu kun rabu. Oga kuwa ina za ka je?

Ka fara gane abin da ke sa shi faɗa. Motar da kayan cikinta miliyoyi ne, kuma a wuyansa suke. Idan ka ƙona kuloci ko ka goga bodi a jikin wata mota, shi mai mota zai kira, ba kai ba. Kuɗinsa na tafe ne da yawan lodin da ya kai, kai kuwa tafiyar hawainiya kake yi. Sannan shi ma da ashar aka koya masa, bai san wata hanyar ba. Ƙari a kan haka, ga ka ɗan boko da difloma, yana zargin gobe kai za a miƙa wa makullin. Wannan ba ya halatta zagi, amma yana nuna maka cewa yawancin ihun ba da kai ake ba.

To ta yaya za ka bambance mai zafi da mugu? Ni a ganina ma'auni ɗaya ne: bayan wata biyu ko uku, me ka iya wanda da ba ka iya ba? Akwai ogan da zai yi maka tsawa har kunnenka ya yi ƙara, amma da an samu fili a gareji sai ya ce, "Kai, hau ka yi mana ribas." Wannan riƙe shi hannu bibbiyu. Akwai kuma mai fara'a da sayen tsire, wanda shekara za ta zagayo aikinka bai wuce sa weji, wanki da sayo abinci ba. Wannan shi ne mai cin lokacinka.

Ɗauki misalin birki. Tirela da iska take tsayawa. Idan kana gangara da lodi a wuri irin Hawan Kibo, kana ta danna birki kana saki, iskar tanki kake zubarwa. Idan kuma ka ɗora ƙafa ka bari, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa. Shi ya sa ake sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, inji ya riƙe motar. Ogan da ya daka maka tsawa a nan ranka ya ceta, kuma babu lokacin "don Allah". Yi abin da ya ce nan take. Tambayar dalili ka ajiye ta sai an tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, ya yi salla, ya ci abinci, an zauna wajen mai shayi. Nan za ka ce, "Oga, ɗazu da ka ce in dawo giya, me ka hango?" Za ka sha mamakin yadda mafaɗacin nan zai zama malami. Amma kada ka kuskura ka gyara masa magana a gaban abokansa direbobi, ko da kana da hujja daga littafin aji. An gama zaman lafiya ke nan.

Sauran dabarar kuwa, ka riga shi tashi. Duba baƙin mai, ruwan lagireto, tayoyi da notuna, fitilu, igiyoyin tamfol, ka jira iska ta cika kafin ya fito. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ranar da ka yi tuƙi, daga ina zuwa ina, da duk kuɗin da aka ba ka riƙo. Ranar da aka ce kuɗi sun ɓace za ka san amfaninsa.

Akwai wuraren da haƙuri ba ya aiki. Idan ya ce ka ja mota alhali barci ya cika maka ido, ko ya miƙo maka tiramol wai don ido ya buɗe, ka ce a'a cikin ladabi, ka tsaya a kan a'ar. Haka idan ya sa ka tuƙi a babban titi ba ka da takardar koyo, shi kuma ya haye gadon baya ya kwanta. Lasin tirela aji na G ne, kuma idan tsautsayi ya faɗa, jami'an kiyaye haɗura wanda ke kan sitiyari za su fara tambaya. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa ko a kan tagwayen hanya, don haka "taka mana, kai mace ce?" ba umarni ba ne da ya wajaba ka bi. Sayar da man gas na mota a bayan idon mai ita, ko kai hannu jikinka, su ma sun wuce gona da iri.

Idan ta kai ga rabuwa, kada ka yi fushi ka sauka a Jebba ka bar shi da lodi. Labarin zai riga ka isa kowace tasha, kuma babu direban da zai sake ɗaukar ka. Daure a sauke kaya, a dawo gida. Sannan ka sami dattijon da ya kawo ka, ko shugabannin ƙungiyar direbobi na garejin, in kuma kamfani ne, jami'in da ke kula da horo. Kada ka je da "ba ya so na". Buɗe littafinka ka ce, "Baba, wata huɗu ke nan, sau uku na taɓa sitiyari, ga ranakun. A taimaka a haɗa ni da wani."