Jinyar Mai Karɓar Maganin Ciwon Daji

Jama'a, karatunmu na yau a kan ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara. Sau da yawa akan ɗauki mutum daga nan Kademi a kai shi Kano, a fara yi masa magani. Ya komo gida yana amai, gashinsa yana zuba. Sai dangi su ce, "Ai maganin nan ya fi ciwon muni." Shi ke nan, ba a sake komawa. Wannan kuskure ne babba, yakan kuwa jawo hasarar rai. Bari mu ga dalili.

Mene ne ciwon daji?

Jikin mutum cike yake da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Suna hayayyafa bisa ƙa'ida, su tsufa, su mutu. Wani lokaci waɗansu su kangare, su yi ta yaɗuwa ba tsayawa, har su zama ƙulli. Wannan shi ne ciwon daji. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta wurin gaisawa ko cin tuwo a kwano ɗaya.

Ana warkewa kuwa?

I, ana warkewa daga waɗansu irinsa, musamman in an je da wuri. Ga misali. A 1958 wani likita Bature, Denis Burkitt, ya ba da labarin wani ciwon daji a ƙasar Yuganda. Yana kumbura muƙamuƙin yara, ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. A asibitin Badun, Likita Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi ta yi wa irin yaran nan magani, kumburin ya sace, waɗansu suka warke sarai. A 1972 aka ba su duka biyu lambar girma a Amurka.

Yau ana ba da irin wannan magani a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika kusa da Zariya. A asibiti ana kiransa kemo.

Yadda maganin yake aiki

Dukanmu manoma ne, mun san maganin feshi. Yana kashe ciyawa, amma in ya taɓa shuka ita ma takan yi yaushi. Haka kemo yake. Yana bin jini yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Na daji su ne kan gaba. Amma saiwar gashi, da fatar cikin baki, da hanji, da ɓargo, su ma ƙwayoyinsu masu sauri ne. Don haka gashi yake zuba, baki ya yi miki, jini ya ragu. Wannan ba alamar magani ya ƙi ba ne. Gashi zai sake tsirowa bayan an gama.

Yawanci ta ƙarin ruwa ake ba da shi, sa'an nan a huta kamar mako 3 jiki ya farfaɗo, a sake. Wani sau 4, wani 6, wani 8, likita ne zai faɗa. Wanda ya yi noman firi ya ƙi maimai, ciyawa ce za ta ci gonarsa. To, haka wanda ya karɓi zuwa biyu ya tsaya don ya ga ƙullin ya ragu. Daji zai dawo, ya fi na da wuyar magani.

Magungunan iri iri ne, kowanne da halinsa. Akwai doksorubisin, mai launi ja. Fitsari yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu bayansa, ba jini ba ne. Akwai saikulofosfamaid, wanda yakan dami mafitsara, sai a yawaita shan ruwa, kada a riƙe fitsari. Akwai binkiristin, wanda aka samo daga wani fure na tsibirin Madagaska. Yakan sa yatsu su mutu ko bayan gida ya yi tauri. In haka ta faru, a gaya wa likita.

Aikin nas

Kafin kowane zuwa sai an auna jini. In bai isa ba, a ɗaga ranar. Kada mu yi fushi, kiyaye rai ne. Nas takan sa safar hannu domin maganin yana da ƙarfi, ba don ƙyama ba. In wurin allura ya yi zafi ko ya kumbura, a faɗa mata nan take, gama in maganin ya zuba a nama yakan cinye shi.

Aikinmu a gida

Abinci: a ba shi kaɗan kaɗan, sau da yawa. Kunu, fate, wake, ƙwai, kifi, duk a dafa su nuna sosai. A tafasa ruwan sha da madara. A sha maganin amai yadda aka rubuta, tun aman bai zo ba.

Baki: a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi bayan cin abinci. Kada a dirje dasashi da asuwaki mai tauri.

Tsabta: kowa ya wanke hannu da sabulu. Kwana 2 bayan magani, mai kwashe amai ko fitsari ya sa safar hannu, a wanke tufafin da suka ɓaci daban. A kwana cikin gidan sauro. Mai mura ko tari, da yaro mai ƙyanda, su dakata da zuwa dubiya.

Abin da aka hana: ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya. Jini ba ya saurin tsayawa, miki ba ya saurin warkewa. Kada a haɗa da jiƙo ko maganin kemis sai likita ya sani. Mace ba ta ba da nono, ba ta kuma ɗaukar ciki, sai likita ya yarda.

Babban haɗari

Ku lura da wannan ƙwarai. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan magani, fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki, suna raguwa ainun. Ƙaramar cuta tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Saboda haka kowane gida mai jinya ya mallaki ma'aunin zafin jiki. In ya nuna 38, ko mutum yana rawar sanyi, kada a ba shi farasitamol a ce sai da safe. A tafi asibiti mafi kusa, kamar na Gaya, ko da tsakar dare ne. A riƙe katinsa, a ce, "Yana karɓar kemo." Haka kuma in haɓo ya ƙi tsayawa, ko amai da zawo sun hana shi riƙe ruwa.

Magani da kuɗin mota ta Wudil zuwa Kano ba ƙaramin nauyi ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi su zauna tun farko, su tambayi likita sau nawa za a je, su raba nauyin. Mu kuwa da muka koyi karatu, mu ne za mu duba kati mu tuna wa gida ranar komawa. Amfanin ilmi ke nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Tambayoyi

1. Don me gashi yake zuba?
2. Me zai faru in an bar magani a tsakiya?
3. Waɗanne kwanaki ne suka fi haɗari?
4. In ma'auni ya nuna 38, me za mu yi?