Abin da ya kamata ku sani: ɗan Ba'indiye da aka haifa a ƙasar waje, ɗan wace ƙasa ne?

Idan kai Ba'indiye ne mazaunin Kano ko Legas, ko kuwa 'yar'uwarku ce ta auri Ba'indiye ta haihu, tambayar nan za ta taso tun kafin a yi suna. Amsar tana cikin dokar zama ɗan ƙasa ta Indiya ta 1955, wadda aka sha yi wa gyara.

Shin jinin iyaye ya isa?

Ya danganta da ranar da aka haifi yaron. Wanda aka haifa a waje daga 26 ga Janairu 1950 zuwa kafin 10 ga Disamba 1992, ta wajen uba kaɗai yake gadon zama ɗan Indiya. Daga 10 ga Disamba 1992 aka daidaita uwa da uba: ɗayansu ya kasance ɗan Indiya a ranar haihuwar, ya wadatar. Wannan gyara ya yi kyau, domin a da ana tauye mata hakkinsu ba gaira ba dalili.

Amma daga 3 ga Disamba 2004 an ƙara sharaɗi, kuma a nan ne iyaye da yawa suke tuntuɓe. Jini kaɗai bai isa ba, sai an yi wa haihuwar rajista.

Yaya ake rajistar?

Kuna da shekara ɗaya daga ranar haihuwa. Za ku cike takarda ta intanet a shafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Indiya, ku buga ta, ku kai ofishin jakadancin Indiya na ƙasar da kuke, misali Abuja ko Legas, Yamai ko Akra. Ku riƙe takardar shaidar haihuwar yaron (a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa), da fasfon iyaye, da takardar aure, da hotunan yaron. Bayan an yi rajista ne za a nema masa fasfon Indiya.

A cikin takardun akwai layi guda da ya fi sauran nauyi: iyaye za su sa hannu cewa yaron ba ya riƙe da fasfon wata ƙasa. Ku karanta shi da kyau kafin ku sa hannu. Idan kun riga kun karɓa masa koren fasfon Najeriya saboda wata tafiyar gaggawa, wannan ƙofa ta rufe.

Idan shekarar ta wuce fa? Ba a rasa komai ba tukuna, sai dai dole a nemi izinin gwamnatin tarayyar Indiya, kuma hakan yakan ja lokaci.

Zai iya zama ɗan ƙasa biyu?

Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. To amma yaro ba shi ya zaɓi inda aka haife shi ba. Wanda uwarsa 'yar Najeriya ce, tsarin mulkin Najeriya ya ɗauke shi ɗan ƙasa tun ranar da ya faɗo duniya, ko da ba a nema masa fasfo ba. Irin wannan yaro, idan an yi masa rajistar Indiya, dokar ta ba shi wata shida bayan ya cika shekara 18 ya ajiye ɗaya ƙasar. In bai yi ba, zamansa ɗan Indiya ya faɗi.

Wanda lamarinsa ya fi damuna shi ne yaron da uwa da uba duk Indiyawa ne, aka haife shi a ƙasar da haihuwa kaɗai ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa, kamar Najeriya, Saudiyya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Idan iyayensa suka yi sakaci da rajista, zai tashi ba shi da takardar ko wace ƙasa. Ba a sa shi a jirgi, kuma ko takardar zama ba za ta samu ba sai da fasfo.

Idan mun zaɓi fasfon wata ƙasa?

Akwai katin OCI, wato katin 'yan asalin Indiya da suka zama 'yan wata ƙasa, wanda aka fito da shi a 2005. Biza ce ta tsawon rai: mai shi yana shiga Indiya ya fita yadda ya so, ya yi karatu, ya yi aiki. Kada sunan ya ruɗe ku, mai katin ba ɗan ƙasa ba ne. Ba ya zaɓe, ba ya tsayawa takara, ba ya sayen gona. Ba a ba da shi ga wanda iyayensa, kakanninsa ko iyayen kakanninsa suka taɓa zama 'yan Pakistan ko Bangladesh.

Nawa ne kuɗin?

Sabon katin OCI dala 275 ne idan a waje aka nema, ban da 'yan kuɗaɗen hidima. Kuɗin rajistar haihuwa da na fasfon yaro kuwa kowane ofishin jakadanci yana bayyana nasa da kuɗin ƙasar da yake, kuma yakan canza, don haka ku duba shafinsu ko ku kira su kafin ku kama hanya.