Mota ta ƙi tashi bayan gyara: A duba makulli da batir kafin a taɓa ƙwaƙwalwa

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Garwa-Bulai, bakin iyakar Kamaru, zuwa kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangi ya san cewa tafiyar kimanin kilomita 600 ba ta son mota mai gardama. Gardamar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya kuwa ita ce ta motar da ta fito daga gareji: yau ta tashi da bugu ɗaya, gobe ta ƙi, alhali ga mai, ga wuta.

Yawancin motocinmu na hannu ne da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Duwala daga Turai, inda tun shekarar 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta sanya na'urar hana sata a sababbin motoci. A kan makullin akwai wani ɗan ƙwayar lantarki mai lambar sirri, sannan akwai zoben waya kewaye da ramin makulli da ke karanta lambar ya aika wa ƙwaƙwalwar mota. In saƙon bai isa ba, sai ta hana mai ko wuta zuwa inji.

To, a nan gyara ke shigowa. Bakaniken da ya kwance sitiyari ko dashbod yana iya mayar da soket ɗin zoben bai zauna daram ba, sai gargadar hanya ta riƙa haɗa shi tana rabawa. Haka nan kan batir da ba a ɗaure sosai ba, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota in ta yi tsatsa. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 in mota na kashe. In ya faɗi ƙasa da 10 lokacin tayarwa, na'urar tana iya rikicewa.

Shawararmu, a lura da ’yar fitilar tsaro da ke dashbod. In ta ci gaba da ƙiftawa bayan an murɗa makulli, motar ba ta gane makullin ba ne. A gwada na ajiya, a kuma raba shi da sauran makullan mota, domin ƙwayoyi biyu a wuri ɗaya suna dagula saƙo. Makullin da aka yanka a kasuwa ba ƙwaya zai buɗe ƙofa, amma ba zai tayar da inji ba.

Kada a yi gaggawar sayen ƙwaƙwalwa ta hannu, domin ba za ta yi aiki ba sai an daidaita ta da makullin da kwamfuta. Masu cewa a cire na'urar baki ɗaya kuwa, su tuna sun buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Kafin a biya kuɗin aiki, a kashe mota a tayar sau da yawa a gaban bakanike, da sanyin inji da zafinsa. Gara ta ƙi tashi a Kilomita Biyar da ta ƙi a dajin Bosambele da kayan mutane a kai. Allah Ya kiyaye hanya.