Daga Aburi zuwa Dandume: Abin da ya sa takardun Gowon suka shafi kowa

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya rushe yankuna huɗu na Najeriya, ya kafa jihohi 12. Da wannan sa hannun ne Dandume da Funtuwa da Malumfashi suka wayi gari a Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, kafin a yanke Katsina daga cikinta a 1987. Kwana uku bayan sanarwar, Odumegwu Ojukwu ya ayyana Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara yaƙin da ya ci wata 30.

Wa ya ba Gowon shawarar, wa ya ja da ita, me aka soke daga daftarin farko? Irin waɗannan amsoshi ba a samunsu a jawabin rediyo. Suna cikin wasiƙu, da bayanan taro, da ɗan rubutun da shugaba kan yi a gefen takarda. Littafin da mutum ya rubuta bayan ya tsufa kuwa, komai gaskiyarsa, ya riga ya san yadda labarin ya ƙare. Takardar da aka rubuta a daren da abin ya faru ba ta da wannan damar gyara.

Taron Aburi ya isa misali. A ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967, shugabannin soja suka zauna a Ghana, cikinsu har da gwamnan Arewa, Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo. Kowa ya dawo gida da fassararsa. Ɓangaren Ojukwu ya fitar da faifan muryoyin taron, Legas kuma ta fito da Doka ta 8 a watan Maris, wadda Ojukwu ya ce ba abin da aka amince ba ke nan. Har yau matasa na tafka wannan gardama a Facebook, galibi ba tare da ko takarda ɗaya a hannu ba.

Amurka ma ta yi jinkiri. Takardun Abraham Lincoln, wanda ya jagoranci yaƙin basasarta daga 1861 zuwa 1865, sun daɗe a hannun ɗansa Robert. Da ya miƙa su ga ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, sai ya gindaya sharaɗin kada a buɗe su sai shekara 21 bayan mutuwarsa. An buɗe su a Yulin 1947, yau kuma suna intanet kyauta. Sai a 1978 ƙasar ta yi dokar da ta mayar da takardun aikin shugaba dukiyar al'umma.

Najeriya ba ta rasa wurin ajiya ba. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954, da reshensa a Kaduna. Akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Obasanjo ya buɗe nasa ɗakin a Abeokuta a 2017. Sai dai ajiya daban, bugawa daban: sai an tantance, an jera bisa kwanan wata, an ɗauki hoto, sannan masanan da ba yaran gidan ba su yi sharhi. Kafin nan, gara da damina ba sa jiran kasafin kuɗi.

Abin takaicin shi ne, ɗalibin da ke Dandume zai iya karanta wasu saƙonnin ofishin jakadancin Amurka a Legas na lokacin yaƙin ta wayarsa, domin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta buga su. Abin da aka rubuta a Barikin Dodan bai samu irin wannan gata ba.

Hassan Katsina ya rasu a 1995, Ojukwu a 2011. An haifi Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, a 1934.