Fentin sabon mashin ɗinka na ɓarewa? Dakata da mai fenti

Ka yi adashe ka fito da mashin dal a leda, ka shigo Minanata ana ta yi maka "Allah ya sa alheri". Sati biyu, fentin tanki ya kumbura, ya fara ɓarewa. Dila zai ce zafin ranar Sakkwato ne. Haba, a sati biyu?

Kar ka bari mai fenti ya taɓa shi. Da ya taɓa, dila ya samu mafita, kuma ranar sayarwa kowa zai ɗauka faɗuwa mashin ɗin ya yi. Ɗauki hoto, ka haɗa da rasit, ka koma shagon. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka wata uku ka mayar da kaya mai aibi, a gyara, a canza ko a mayar maka da kuɗinka. In ya ƙi, kai ƙorafi hukumar FCCPC da rasit ɗinka, kafin ka hau Facebook.