Mambila: Tsaunin da muke haddacewa a aji amma ba ma zuwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin labarin ƙasa ya taɓa jin sunan Mambila. Muna haddace shi saboda jarrabawa, mu rubuta, mu manta. Amma in malam ya tambayi wanda ya taɓa taka ƙafarsa can, da wuya hannu ɗaya ya tashi. In ana hirar yawon buɗe ido sai hankalinmu ya tafi Dubai ko Masar, alhali ko kuɗin fasfo ba mu da shi. Wannan ne ya sa a hutun da ya gabata muka yi karo-karo, muka ɗauki jakunkuna, muka nufi Jihar Taraba.

Daga Jalingo muka tashi bayan sallar asuba a motar haya, muka bi ta Bali da Serti har Mayo Selbe. Daga nan hawa ya fara. Hanyar tana ta lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi a ɗayan. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wanda aka ce ya samo sunansa daga ladan da ake biyan 'yan dako a da kafin su haura da kaya a ka. Muna cikin hawa kunnuwanmu suka toshe, saboda ƙarfin dannawar iska yana raguwa in mutum yana yin sama. Abin da muka karanta a littafin kimiyya ke nan, yau ga shi a jikinmu.

Da muka kai sama sai kowa ya yi shiru. Tuddai ne shimfiɗe da koriyar ciyawa iyakar ganin ido, shanu suna kiwo, hazo yana ratsa su. Tsayin wannan tudu ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Wani abokin tafiyarmu da ya yi mana dariya don mun ɗauko rigunan sanyi, kafin magariba a Gembu yana rawar ɗari yana roƙon aron bargo.

Sanyin nan shi ne arzikin yankin. A Kakara muka ga gonakin shayi jere a kan tudu. Da hannu ake tsinkar ganyen, ana zaɓar toho da sababbin ganyaye biyu na sama, a bar su su yi yaushi, a murƙushe, a bari su yi duhu, sannan a busar. Da yawanmu kullum muna shan shayi da safe, amma ba mu san ana noma shi a Najeriya ba. Shanu ma suna jin daɗin wurin, domin ƙudan tsando da ke sa musu cutar sammore ba ya son irin wannan sanyi. Shi ya sa nono da man shanu suke wadace. A kasuwa muka tarar da ayaba, piya, gwaza da masara, muka ci muka ƙoshi ba tare da aljihu ya yi kuka ba.

Kasuwar ita ma makaranta ce. Za ka ji Mambilanci, Fulatanci da Hausa a rumfa ɗaya, ga Kaka da Panso da sauran ƙabilu kowa da yarensa. Mun kuma gano dalilin da ya sa ake kiran ƙaramar hukumar da sunan Sardauna. Wannan yanki a da yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila take riƙo. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi shiga Najeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Ga mai son namun daji, gandun Gashaka-Gumti yana nan kusa. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. A cikinsa, kan iyaka da Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Akwai kuma kurmin Ngel Nyaki, inda har yanzu manyan birai masu kama da mutum suke rayuwa.

Sai dai ba komai ne ya faranta mana rai ba. Mun ga tuddan da aka ƙona, da wuraren da ruwa ya zaizaye ƙasa saboda babu ciyawa ko itacen da zai riƙe ta. Yayin da mutane da dabbobi suke ƙaruwa, ƙasar noma da ta kiwo tana ƙaranci, kuma rikicin da ya ɓarke a 2017 ya ci rayuka da dukiya. Kogin Donga daga wannan tsauni yake gangarowa zuwa Binuwai. In kurmin sama ya ƙare, manomin da ke can ƙasa ma zai ji a jikinsa.

In ajinku yana sha'awar zuwa, ku fara da neman izinin iyaye da rakiyar malami. Ku zaɓi lokacin rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da damina hanya tana santsi kuma ƙasa takan zaftare. Ku tambayi halin tsaron hanya, ku yi tafiya da rana. Ku haɗa kuɗin mota da na masauki tare, sai nauyin ya ragu. Kada ku shiga gandu sai da jami'in da zai yi muku jagora, kada ku ɗauki hoton kowa sai ya yarda, kuma duk ledar da kuka hau da ita ku sauko da abarku.

Ku tafi da littafi da biro. Mu dai namu littafin ya cika tun kafin mu sauko Mayo Selbe.