Yadda Mutum Ke Sanin Kansa Ta Bakin Jama'a

Ba a haihuwar mutum da sanin ko shi wane ne. Wannan sani a hankali yake ginuwa, daga yadda ake kiransa, da yadda ake amsa masa, da abin da yake gani a fuskokin mutane idan ya yi magana. A 1902 masanin zamantakewa Ba'amurke Charles Horton Cooley ya kwatanta jama'a da madubi: mutum yakan ƙiyasta yadda ake ganinsa, ya ƙiyasta hukuncin da aka yanke masa, daga nan sai ya ji alfahari ko kunya.

George Herbert Mead na Jami'ar Shikago ya bi al'amarin tun daga ƙuruciya, a darussansa da aka buga a 1934 bayan rasuwarsa. Yarinyar da ta goya 'yar tsana, tana yi mata faɗa da muryar uwarta, koyon shiga matsayin wani take yi. Idan ta kai ga wasa mai ƙa'ida, dole ta riƙe matsayin kowa a ranta lokaci guda. Daga nan ne "me mutane za su ce" ke samun wurin zama a zuciya.

A ƙasar Hausa abin a fili yake. Yaron da ya durƙusa ya gaida kawunsa, aka ce masa "Allah ya yi maka albarka", an shaida masa matsayinsa a gidan. Wanda ake kira Auta yakan girma da shagwaɓar da sunan ya ba shi dama, ɗan fari kuwa yakan lura tun yana ƙarami cewa mahaifiyarsa ba ta ambaton sunansa saboda alkunya. Mutum ya dawo daga Makka a koma kiransa Alhaji, sai ka ga har tafiyarsa ta sauya. Halayen da Anthony Kirk-Greene ya tattara a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, irin su amana, haƙuri, karamci da kunya, duk sai cikin mu'amala ake gane su.

Hatsarin ma a nan yake. Howard Becker ya nuna a 1963 cewa laƙabin da jama'a suka manna wa mutum yana iya tura shi cikin halin da suka zarge shi da shi. Ɗalibin da malami ke kira daƙiƙi kullum a gaban aji yakan daina ɗaga hannu, ya koma kujerar baya, kuma wannan shirun nasa sai a ɗauke shi hujjar cewa malamin ya yi gaskiya.